Kwalba ta Bakwai

Ɓawon kastanya na tsinto a bayan kasuwar Puerto Maldonado,
wanda mata ke watsarwa in sun gama ɓara.
Na daka, na jiƙa, na toshe shi a tukunyar ƙarfe,
awa takwas yana dahuwa cikin kansa,
ba hayaƙi, ba wanda ya ji kukansa.
Da safe na tace.
Ruwa ne ja-ja, kamar shayin da ya kwana.
Wa zai ce da wani abu a ciki?

Akwai kuwa. Ɗigon gawayi,
ƙanana har ƙwayar ƙura ta zame musu dutse,
dubu goma a jere ba su kai kaurin gashin gira ba.
Kashe wutar ɗaki.
Kunna 'yar fitilar nan mai hasken da ido ba ya kamawa.
To, duba:
jikan baƙi ya yi shuɗi,
sai ka ce an kamo maƙesun kurmi an narka a kwalba.

Malamata Dokta Ccahuana ta ce, “Nilda,
kada kyau ya shagaltar da ke.
Ba don ado muka dafa su ba,
aikinsu su mutu.”
In da zaiba a ruwa, sai ta lafe a jikin ɗigon,
ta tsotse hasken kamar kaska.
Ruwa mai gaskiya ya bar su suna ci,
mai ɓoyon guba ya hure su.
Shaidu ne da ba su da baki sai duhu.

Na hau kwalekwale na bi Inambari da kwalabe goma sha biyu.
Na ɗiba a gindin gada, na ɗiba inda yara ke iyo,
na ɗiba a ramin da aka yashe
har daji ya koma fili fari kamar ƙashi.
Ta bakwai kuwa a mashayar gidanmu na cika ta,
inda innata ke wanke kifi
tana yi mini faɗan na rame.

Yayana Wilber na can sama da mu.
Shekara tara yana cuɗa yashi da zaiba a cikin duro,
da ƙafa, wando a naɗe,
ya ƙona dunƙulen a cokali, hayaƙi ya tashi,
zinariya ta rage kamar ƙwayar masara.
Da ita aka biya mini makaranta.
Da ita na sayi farar rigar nan.
Duk harafin da na iya, da ƙafarsa aka taka shi.

Ya biyo ni birni, wai zai ga abin da kuɗinsa ya haifa.
Na ja labule. Muka tsaya cikin duhu mu biyu.
Ta ɗaya ta haska. Ya yi dariya: “Kai! Tsafi!”
Ta biyu ta haska. Ta huɗu ta ɗan yi sanyi.
Ta biyar, ta shida, kamar fitilar da mai ya ƙare mata.
Na ɗiga ta bakwai.

Ban taɓa jin duhu ya yi nauyi haka ba.

Ya ce, “Sake.” Na sake.
Ya ce, “Wataƙila gawayin ne ya lalace.”
Na ɗiga a ruwan tata, ya kama shar.
Ya karɓi kwalbar zai kai kusa da ido,
na ji gilashi na ƙwanƙwasar zobensa,
ƙas, ƙas, ƙas.
Hannun ya jima da fara rawa.
Mun jima da cewa gajiya ce.

A littafi na rubuta lamba, da rana, da wuri,
na ce a aika babban ɗakin gwaji a tabbatar.
Babu layin da aka ware wa sunan ɗan'uwa.

Ya ce, “Kar ki gaya wa Inna tukuna.”
Can ya ce, “Tankin tara ruwan sama, nawa ne?”
Na faɗa masa.
Ya ƙirga da yatsu, ba da kuɗi ba, da giram.